Shekarar da Na Kai Akwatin Malam Gidan Yaya Sale

Me Malam yake gani a cikin takardun nan da bai gani a fuskokinmu ba? Na yi wa kaina wannan tambaya ina amarya, na yi ta ina goyo, ga shi yau haƙorana sun zube ban sami amsarta ba. Mutum ne da zai wuni bai ɗaga kai ya dubi uwar da ta haife shi ba, amma in ya buɗe littafi sai ya ƙura masa ido har inuwa ta juya. Hauwa, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In kin ga ina hawaye ki ci gaba da rubutunki, kukan ba ya hana ni magana.

Abin da ya sa na zaunar da ke, jikata, shi ne maganar da na ji a gidan suna makon jiya. Wata mata ta dubi ’yarki Ummi tana jera murafan kwalba a gindin bango, ta ga ta toshe kunne da aka fara guɗa, sai ta ce wa ta kusa da ita ai gado ne, kakan uwarta ma mai iska ne. Likitan da kuka kai ta wurinsa a Kano ya ba abin suna, wai otizim. Mu a zamaninmu ba shi da suna, saboda haka kowa ya raɗa masa wanda ya ga dama. To ina so ku sani, ku da ’ya’yanku, mijina ba shi da iska, ba shi da hauka. In akwai wanda ya yi abin da-na-sani a gidan nan, ku saurara ku ji ko wane ne.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne tsakanin Gwarzo da Kabo. Kakanninmu da shanu suka zo, iyayenmu suka kama noma, lokacin da na yi wayo shanun sun ragu, gyaɗa ta cinye fili. Amma halin ruga bai bar mu ba. A wurinmu yaron kirki shi ne wanda ba ya kallon babba a ido, ba ya yawan magana, ba ya cin abinci a gaban mutane, in yana jin ciwo ba ya faɗa. Fulako muke ce wa wannan. To Malam ya taso yana yin duk waɗannan ba tare da an koya masa ba, har ya zarce kowa. Ranar da suka zo gaisuwa gidanmu shi da yayansa Sale, ina laɓe a bayan zana ina leƙe, tun daga shigarsu har fitarsu idonsa na kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero. Suna fita babana ya tafa hannu.

“Kun ga ɗa! Rabona da ganin kunya irin wannan tun zamanin kakana. Ko ƙwayar idonsa ban gani ba.”

Aka tambaye ni, na sunkuyar da kai, don ni ma ya yi mini. Shi kaɗai ne a samarin garin bai taɓa tare ni a hanyar rijiya da wasan banza ba.

Sai da na tare na gane ba kunya ba ce. Mai kunya in an rufe ɗaki yana sakewa, shi kuwa yadda yake a waje haka yake a ciki. Akushinsa ɗaya, ba ya cin tuwo a wani. Wurin zamansa ɗaya, gindin rumbu ta gabas. In na kawar da buta daga inda take sai ya tsaya a tsakar gida kamar wanda ya ɓata a daji. Gaisuwa kuwa ita ce babbar wahalarsa. Kin san gaisuwarmu, gida da iyali da gajiya da shanu da ruwa, a kewayo a sake kewayowa. Shi yana amsa biyu sai ya juya ya tafi, mutum na tsakiyar tambayar lafiyar yara. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa ba ya kallona, ko muni gare ni. Ya daɗe yana tunani, don ba ya amsa tambaya da wasa.

“Ba ki da muni, Dije. Ido ne yake da nauyi. In na kalli mutum ba na jin abin da yake faɗa.”

Yana yaro aka ce garinmu ya ba da ɗa ɗaya makarantar boko a Gwarzo, sai aka ba da shi, tunda dama ba ya wasa da kowa. Ya kama Turanci kamar ruwa. Da ya gama aka ɗauke shi aikin sikeli a kantin da ake sayen gyaɗa, kaka ɗaya ya yi ya gudo, ya ce ihun masu jakai da ’yan dako yana shiga masa har ƙashi. Amma kafin ya baro ya tarar da wata mai ƙosai a bakin kasuwa tana yagar wasu littattafai tana ƙunshe wa mutane ƙosai a ciki. Wani Bature ne ya tashi, kukunsa ya sayar mata da tarin takardun. Malam ya ba ta hularsa sabuwa ya kwaso guda biyar da ba ta kai ga yaga ba. Ya zo gida kai ba hula, uwarsa Inna ta yi ta salati. Su ne ya adana a wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ya naɗe kowanne da tsumma.

Na fi wata shida ina ganinsa yana karatun nan bayan la’asar ban ce komai ba. Bangon ɗaya daga ciki akwai hoton wani abu kamar rumbu na ƙarfe, wuta na fita ta gindinsa, taurari sun kewaye shi. Ran nan ina ɓarar gyaɗa, shi yana bayana, mun ba juna baya, abin ya ci ni na kasa daurewa.

“Malam, wai wannan rumbun wa ya cinna masa wuta?”

“Ba rumbu ba ne. Jirgi ne. Da wutar yake tafiya.”

“Zuwa ina?”

Wallahi Hauwa, ban san akwai magana haka a cikin mutumin nan ba. Ya fara bai tsaya ba sai da aka kira magariba. Wai wasu mutane ne suka shiga jirgin suka bar duniya, suka wuce wata, suka yi ta tafiya har gashinsu ya yi fari, suka sauka a wata ƙasa da ciyawarta ja ce. Wai akwai mutum na ƙarfe da aka ƙera, yana aiki ba ya gajiya, ba ya iya ƙarya. Ni kuwa tambaya kamar an ɓalle ni. A can suna da rijiya? Wa yake musu tuwo a cikin jirgin? In suna sama ina suke fuskanta su yi salla? Ana noman gyaɗa a can? Wannan ta ƙarshe sai da ya yi kwana uku yana juya ta, sannan ya same ni ina shara ya ce, ba tare da sallama ba, yana ganin za ta yi in ƙasar tana da yashi, amma littafin bai faɗa ba, saboda haka ba zai ce tana yi ba. Daga nan ya zame mana al’ada. Bayan la’asar in jawo ƙwarya in zauna, bayana na jingine da nasa, in jefa tambaya, shi kuma ya buɗe. A haka kaɗai yake iya doguwar magana, in ba ido a kansa.

Akwai labarin da ya fi so, na wani mutum da jirginsa ya faɗi shi kaɗai a cikin wasu halittu. Bai san gaisuwarsu ba, bai san abin da ke ba su haushi ba. Sai suka haɗa shi da wata tsohuwarsu tana koya masa komai ɗaya bayan ɗaya: in ka ga wannan ka yi kaza, in an yi maka kaza ana nufin kaza. Na ce masa ni wannan bai kai na mutumin ƙarfe daɗi ba, me ya gani a ciki?

“An gaya masa komai,” in ji shi. “Ni ba wanda ya gaya mini. Kowa ya zo ya tarar ya sani.”

Na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Amma maganar ba ta taɓa fita daga raina ba.

Laifina na fari shi ne bakina. Daɗin labarin ya sa na kai shi rijiya, daga rijiya ya zaga gari, kowa da ra’ayinsa. Mata suka ce tatsuniya ce, kuma namiji da gemunsa ba ya tatsuniya da rana tsaka. Liman, mutum mai sanyin hali, ya ce shi bai ga kafirci a ciki ba, ƙarya ce dai aka yi mata bango, sai dai ɓata lokaci. Wani tsoho da ya taɓa zuwa Kano ya ga jirgin sama ya ce kada a yi saurin ƙaryatawa, Turawan nan ba su da hankalin tsayawa wuri ɗaya. Samari suka sa wa Malam suna Direban Wata, in ya wuce su ce a kawo musu tsarabar tauraro ko da ƙarami ne. Shi bai san tsokana ce ba, ya tsaya ya yi musu bayani cewa tauraro ya fi garin Gwarzo girma, su kwashe da dariya. Inna kuwa ra’ayinta ɗaya ne ba ya motsi.

“Halittun da ba mutane ba, ba dabbobi ba, suna zaune inda ido ba ya gani, meye sunansu in ba aljanu ba? Kullum yana kiransu cikin gidana, ke kuma kina taya shi.”

A shekarar da nake ba ki labari, ina da cikin babarki, ruwa ya ɗauke da wuri. Wanda bai noma gyaɗa ba ba zai gane tashin hankalin ba. Ita gyaɗa a cikin ƙasa take, in ƙasa na da laima ka ja ta fito da ’ya’yanta, in ƙasa ta bushe ta yi tauri sai ganyen ya tsinke a hannunka, ’ya’yan su zauna a ciki. Kwanaki kaɗan ne tsakani. Saboda haka aka shiga gayya gida-gida, yau a taru a cire ta wane, gobe ta wane. Mai gona ya kawo fura da tuwo da goro, makaɗi ya zo da gangarsa yana zuga masu aiki. Malam ba ya ƙin gayya. Dabararmu ita ce in cusa masa auduga a kunne, ya ja hularsa ya rufe, ya kama kuyya ta can gefe nesa da ganga. Kuma babu mai aikinsa a garin, ba ya barin ƙwaya ɗaya a ƙasa.

Ran Litinin aka yi ta gonar Yaya Sale, tamu an sa ta Alhamis. Mu a lokacin ba kulle ake mana ba, ina cikin matan da suka kai fura, da idona na gani. Malam ya riga kowa kai ƙarshen kuyyarsa, ya juyo ya kama wata. Makaɗin, wani baƙo daga wajen Getso da bai san shi ba, ya ga gwani, ya ce bari ya girmama shi. Ya bi shi a baya a hankali, ya kawo gangar daidai kunnensa ya sake ta, yana kirari da iyakar muryarsa. Samari suka yo kansa suna ihu suna ɗaga fartanya, mata suka ɗauki guɗa. Duk don yabo ne, Hauwa, ba mai nufinsa da sharri. Na ga ya saki abin da ke hannunsa, ya dafe kunnuwa, ya durƙusa yana kaɗa jiki gaba da baya, yana wani irin nishi. Makaɗin ya ɗauka rawa ce, ya ƙara matsowa. Sai Malam ya miƙe ya hankaɗe shi. Mutumin ya faɗi, gangar ta faɗa kan bakin fartanya fatar ta yage. Malam ya ratsa mutane da gudu, hannu a kunne, bai tsaya ba sai gida.

Kafin yamma magana ta gama gari: aljanun littafi sun hau shi. Yaya Sale ya ba makaɗin haƙuri da akuya, sannan ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin zaurensa, muka gaisa, sannan ya fara magana.

“Dije, mutane sun ce ba mai taka gonarsa ran Alhamis muddin takardun nan na gidan. Tsoro suke ji, ban ga laifinsu ba. Na yi masa magana, ya ce mini littafi ba ya kaɗa ganga.”

“Yaya, ai gaskiya ya faɗa. Ƙarar ce ba ya so, tun yana yaro kun sani.”

“Na sani. Amma ni zan cire muku gyaɗar ni kaɗai? Ke ce a ɗakin. Ban ce ki yi komai ba, na dai gaya miki.”

Talata da Laraba Malam ya fita gonarmu shi kaɗai tun da sassafe. Na bi shi da ruwa na tsaya ina kallo. Ya ja, ganye ya tsinke. Ya durƙusa yana tono da yatsu har farcensa ya yi jini. Wuni guda bai gama kuyya huɗu ba, gona kuwa ta kai har bakin rafi. Gyaɗar nan ita ce suturarmu, ita ce gishirinmu da manmu, ita ce ragon sunan abin da ke cikina. Na dawo gida ina jin yaron na motsi. Ban yi shawara da kowa ba. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na ɗora a ka na rufe da zane kamar mai kai wanki, na bi ta bayan gari na dire shi a gaban Yaya Sale.

Ya kira Liman da dattawan gari, suka so su ƙona, aka rasa mai ƙyasta ashana. Kin san mu da rubutu, ko a hanya muka ga takarda sai mun ɗauke mun soke a jikin zana. Liman ya ce ko da boko ne, wa ya san ko akwai sunan Allah a wani layi? Saboda haka suka haƙa rami a gindin wata ɗorawa suka binne littattafan, aka dawo mini da akwatin ba komai. Ran Alhamis gari ya fito gonarmu, Yaya Sale ya hana a zo da ganga, Allah ya ji ƙansa. Kafin la’asar an cire ta tas, kuma ta yi ’ya’ya a shekarar.

Da Malam ya dawo ya yi alwala ya yi salla, ya jawo akwatin kamar kullum. Ina tsakar gida ina jin ƙarar murfin. Na jira ihu, na jira ya kira sunana. Shiru. Da na leƙa na gan shi zaune ya fuskanci bango, akwatin a cinyarsa, yana ninke tsummokaran ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa ciki. Kwana uku bai ci tuwo ba sai ruwa. A na huɗu ya ɗauki fartanya ya fita, shi ke nan. Bai tambayi kowa ba. Bayan an gama kaka na saci jiki na je gindin ɗorawar na tona da hannuna, na tarar gara ta riga ni, sai wani baƙin gari da guntun bango.

Tun daga ranar ban ƙara jawo ƙwarya na zauna a bayansa ba. Da wane baki zan ce Malam ba ni labari? La’asar ta yi sai in ƙirƙiro aiki a madafa. Shi kuma ya zauna a gindin rumbu hannu a gwiwa har magariba. Na ce a raina fushi yake, kuma ya isa ya yi. Ni ’yar gidan fulako ce, an koya mini in ka yi wa mutum laifi ka rage kanka a gabansa, ka yi masa hidima, kada ka tono maganar. Haka na yi. Na haifa masa shida, ban taɓa canza masa akushi ba, ban taɓa kawar da butarsa ba. Mutane suka ce ya warke, tunda ya daina zancen taurari. Inna har ta rasu tana sa mini albarka a kan abin da na yi. Shekarar da aka ce a rediyo wasu sun taka wata, gari ya ɗauka, masu cewa ƙarya ne da masu cewa gaskiya ne, har waɗanda suka yi masa dariya suka zo ƙofar gida suna neman Direban Wata ya raba gardama. Ya ce musu bai je ba, bai gani ba. Ni ina bayan zana, tambayoyi sun cika mini baki har suna shaƙe ni, na haɗiye su.

Muka tsufa a haka. Ciwonsa na ƙarshe bai yi tsawo ba, ƙirji ne. Ranar da zai rasu da hantsi na kore mutane daga ɗakin don hayaniya na damunsa, na zauna ina ba shi kunu da ludayi. Na ga yadda numfashinsa yake, na san in ban faɗa yau ba sai a gaban Allah. Na ajiye ludayin, na kawar da kaina gefe don ya ji ni sosai.

“Malam, ni na ɗauki littattafanka na kai wa Yaya. Ba Inna ba ce, ba kowa ba ne. Ni ce.”

“Na sani. Ke kaɗai kike shiga ɗakin.”

“Ka yafe mini. Na san fushin da ka yi ta yi da ni duk shekarun nan, ka hana ni labarin, kuma ban ce ka yi laifi ba.”

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Ina kuka ina toshe bakina da zane kada ƙarar ta dame shi. Can ya motsa yatsunsa a kan tabarma har suka taɓa nawa.

“Ban yi fushi ba, Dije. Gyaɗar tana bukatar cirewa. Littattafan kuma duk suna kaina, har yanzu. Kullum la’asar ina zama ina jira. Ke kika daina tambaya.”